Wa'azi A Kan Awon Jini Kafin Ɗaurin Aure Da Haƙƙin Rufin Asiri

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rufin asirin bayinsa, Mai jarraba wanda ya so da lafiya, ya jarraba wanda ya so da cuta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi hanyarsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani gardama ta yi yawa a zauruka da ƙofofin masallatai a kan awon jini da hukuma ta ɗora wa masu neman aure saboda ciwon nan da ake kira ƙanjamau. Waɗansu suna cewa wannan tsare rai ne, tsare rai kuwa wajibi ne. Waɗansu suna cewa tonon asiri ne da binciken aibin Musulmi, wannan kuwa haramun ne. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Nufina in shimfiɗa muku mas'alar a fasali biyar, domin mu ne ake kira wurin ɗaurin aure, a hannunmu ake sa takardar likita, mu ne kuma za a tambaya gobe kiyama abin da muka yi da ita.

FASALI NA FARKO: BAYANIN CIWON

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa. Kowace sana'a da ma'abotanta, saboda haka abin da zan faɗa a nan daga likitoci na karɓo shi.

An fara gane wannan ciwo a Amurka a shekarar 1981. A 1983 masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar da take haddasa shi, a 1985 aka sami hanyar auna ta cikin jini, a 1986 aka bayyana cewa ta shigo Nijeriya. Mutanen Nijar suna ce masa sida. Aikin ƙwayar shi ne ta cinye garkuwar da Allah ya sanya cikin jini, har tari da zawo da zazzaɓi su sami mutum ba mai tare masa. Takan yi shekaru a jiki mai ita yana noma yana fatauci, fuskarsa ba ta nuna kome ba.

Ƙofofinta uku ne. Ta farko saduwar namiji da mace, da aure ko ba da aure ba, domin ƙwaya ba ta tambayar sadaki. Ta biyu jini, watau ƙarin jinin da ba a auna ba, da allura ko askar da ta shiga jikin wani ba a tsabtace ta ba. Ta uku daga uwa zuwa ɗa, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Ba a ɗaukarsa ta musafaha, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko buta, ko sahun salla, ko cizon sauro.

Sa'an nan ku riƙe wannan da kyau. A da mutane suna kiransa kabari kusa, domin babu abin da ke tare shi. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna masu danne ƙwayar, a 2006 kuwa Gwamnatin Nijeriya ta fara ba da su kyauta. Ba su kashe ta ƙurmus, amma wanda ya dawwama a kan shansu ƙwayar takan ƙanƙance har awo ya kasa ganinta, idan ta kai haka kuwa ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Mace mai ciki in ba ta sha magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan ɗauka. In ta sha, abin yakan sauka ƙasa da 5 cikin 100. A ƙidayar da aka yi a 2018 an sami kamar mutum 14 cikin 1,000 na baligai a ƙasar nan suna ɗauke da shi, jimla wajen mutum 1,900,000. A yankin Arewa maso Yamma kuwa mutum 6 cikin 1,000. To kun ga sanin ciwon yau ƙofar rayuwa ce da iznin Allah. Rashin saninsa shi ke kisa.

FASALI NA BIYU: HUJJAR MASU CEWA A TILASTA

A 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta fara auren zawarawa, ta sa awon jini cikin sharuɗɗansa. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta hana ɗaura aure a jihar sai da takardar awon ƙanjamau, da ciwon hanta, da jinsin jini saboda sikila, aka kuma sanya tarar Naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 ga wanda ya saɓa. Ƙasar Saudiyya ta riga mu: ta wajabta awon sikila a 2004, ta ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta a 2008.

Masu goyon bayan wannan suna da hujja mai ƙarfi. Suka ce tsare rai da tsare zuriya suna cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su. Suka ce lokacin da annoba ta faɗa ƙasar Sham, wadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal a shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya kai wani wuri da ake kira Sarga ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida masa cewa Annabi ya hana shiga ƙasar annoba, ya kuma hana fita daga cikinta. Wannan shugaba ne ya taƙaita tafiyar mutane saboda lafiyarsu, tafiya kuwa halal ce. Saboda haka shugaba yana da ikon ƙayyade halal domin maslahar jama'a.

Suka ƙara da cewa ku dubi yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da za a kai gidan mai mata biyu. Wace ce ita da za ta buɗe baki ta ce wa mai nemanta ya je a auna shi? Uban da ya ci goron mutum ya karɓi kayan sa rana, da wane ido zai faɗi haka? Amma in doka ce ta hau kan kowa, sarki da talaka, kunya ta faɗi, ba wanda zai ce an zarge shi. Wallahi wannan magana ce mai nauyi, domin mun binne mata da jarirai waɗanda ba su taɓa sanin abin da ya cinye su ba.

FASALI NA UKU: HUJJAR MASU CEWA A RUFA ASIRI

Su ma waɗannan ba da wasa suka zo ba. Suka ce Allah ya hana bincike da zato da giba cikin Suratul Hujurati. Suka ce aure yana da rukunai da sharuɗɗan da shari'a ta ƙidaya, waliyyi da sadaki da shaidu da siga, ba mai ikon ƙara wani. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2003 ta tafi a kan cewa bai halatta a tilasta awo a mai da shi sharaɗin rubuta aure ba, sai dai a kwaɗaitar da mutane, a sauƙaƙe musu shi, a kuma ɓoye sakamakonsa ga kowa sai masu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ba ta yarda da awon dole ba. Ta ce a auna mutum da yardarsa, a ɓoye sirrinsa, a yi masa nasiha, a tabbatar sakamakon daidai ne, a sada shi da magani.

Dalilinsu kuwa daga abin da ya auku ne. A watan Disamba na 1998, a wata unguwa kusa da Durban ta Afirka ta Kudu, wata mata mai suna Gugu Dlamini ta faɗa a fili cewa tana da ciwon, sai mutanen unguwarsu suka yi mata duka har ta mutu. A Ikko, a 1995, aka auna jinin wata ma'aikaciyar asibiti ba da saninta ba, aka kore ta daga aiki, ba ta sami hukuncin kotu a kan haƙƙinta ba sai 2012. Irin wannan ne ya sa aka yi dokar tarayya ta 2014 wadda ta hana tsangwamar masu ciwon, ta hana a mai da awonsa sharaɗin ɗaukar aiki, ta hana bayyana sakamakon mutum ba da izninsa ba.

Kuma ku kanku kun san yadda garuruwanmu suke. An kai kuɗi, an sa rana, an raba goro, sai a ji an fasa bayan an dawo daga asibiti. Kafin magariba labari ya zagaye rijiya da mahauta. Magana zarar bunu ce. Yarinyar nan ba mai sake nemanta, ƙannenta ma sai an yi da gaske, mai sayen furar gidansu ya daina. Mai kuɗi kuwa da ya san halin da yake ciki, sai ya nemi takardar ƙarya, ko ya tsallaka wata jiha a ɗaura masa a can. Sai doka ta kama mai gaskiya ta saki mai wayo. Wanda ya ga an tozarta maƙwabcinsa kuwa ba zai kai kansa awo ba har ya kwanta, kafin nan ya riga ya shafa wa iyalinsa. Tonon asiri da kansa yana yaɗa ciwon.

FASALI NA HUƊU: ABIN DA YA RINJAYA A WURINA

Na duba maganganun biyu, sai na ga tambaya uku ce aka cakuɗa wuri guda: shin a auna? Wa zai ji sakamako? In an sami ciwon, mene ne hukuncin auren? In an rarrabe su, mafi yawan gardamar ta kwanta.

Amma ta farko, ina tare da masu cewa a auna, kuma shugaba yana da ikon umurni da shi, domin cutar tana ɓoye, kuma wanda za ta faɗa wa ba shi da hanyar tsare kansa sai wannan. Sai dai umurnin shugaba bai mai da shi rukunin aure ba. Wanda ya ɗaura ba awo ya saɓa wa hukuma, amma aurensa ya ƙullu, 'ya'yansa na halal ne, kada wani almajiri ya ce ba haka ba. Kuma wanda ya ɗora wa talaka wajibi, shi ya kamata ya ɗauke masa kuɗinsa, ya kawo wurin awon kusa da ƙauyensa. Manomin da ke tattara sadaki da ƙyar, in an ce sai ya biya mota da kuɗin awo, an tura shi ga ɓoye aure.

Amma ta biyu, nan ne zuciyar mas'ala. Sakamakon awo amana ce, masu haƙƙin jinsa uku ne: mai jinin, da likitan da ya auna, da wanda zai haɗa shimfiɗa da shi. Ba haƙƙin liman ba ne, ba na mai unguwa ba, ba na 'yan ɗaurin aure ba. Fuƙaha'u sun ce mai wankan gawa ya ɓoye abin ƙi da ya gani a jikin mamaci. In mamaci yana da wannan haƙƙi, ina ga mai rai da zai fita kasuwa gobe? Huzaifa ɗan Yamani ya riƙe sunayen munafukai da Annabi ya gaya masa, bai ba da su ko ga Umar ba. Munafukai ke nan aka rufa wa asiri, balle mumini da Allah ya jarraba da cuta.

Amma ɓoye wa wanda za a aura, wannan algus ne da cin amana. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, Mu'awiya da Abu Jahmin, ya faɗa mata aibin kowannensu, malamai kuma suka cire wannan daga gibar da aka hana. Ku lura, ita ya gaya wa, domin ita za ta zauna da mijin. Bai hau mumbari ya sanar da Madina ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Burunai a 1993 ita ma ta ce wajibi ne wanda ya kamu cikin ma'aurata ya sanar da ɗayan. Larura ana auna ta da gwargwadonta, kamar wanda yunwa ta halatta wa mushe, ba ya ɗaukar guzurin kasuwa.

Saboda haka shawarata ga hukuma, takardar da za a kawo wa liman kada a rubuta sakamako a cikinta. A rubuta kawai cewa wane da wance an auna su, kowa ya ji na ɗan'uwansa a gaban likita, sun kuma yarda. Wannan ya isar wa mai ɗaurin aure. Kuma a yi awon tun kafin a kai kuɗi a sa rana, lokacin da in an rabu ba wanda zai tambayi dalili. Sa'an nan horon da aka tanada wa wanda ya ƙi awo, a tanadi irinsa ga ma'aikacin da ya fitar da sirri, da wanda ya sayar da takardar ƙarya.

Amma ta uku, ku koma ga littattafanmu. Cikin Risala da Muhtasar an ambaci aibobin da ake mayar da aure saboda su: hauka, da kuturta, da albaras, da ciwon al'aura. Shari'a ba ta haramta auren kuturu ba. Zaɓi ta ba wanda aka ɓoye wa, in kuwa ya sani tun farko ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. A kan wannan muke ƙiyasi. Mai ƙanjamau da mai ƙanjamau su yi aure, su sha magani, su haifi 'ya'ya lafiyayyu da iznin Allah. A Bauci hukumar yaƙi da ciwon ta haɗa irin waɗannan aure tun wajen 2008. Mai shi da marar shi, in lafiyayyen ya sani, ya ji bayanin likita, ya yarda da kansa ba da tilascin waliyyi ba, ba ni da hujjar hana su. Wanda kuwa ya san yana da shi ya ɓoye, matar tana da haƙƙin neman rabuwa wurin alƙali, shi kuma ya cancanci horo mai tsanani.

FASALI NA BIYAR: TAMBAYOYI DA AMSOSHINSU

In wani ya ce: ai wannan ciwon mazinata ne, don me za a rufa musu asiri? Sai mu ce: ji tsoron Allah. Jaririn da ya sha a nono da wa ya yi zina? Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta fa? Wanda aka ƙara wa jini bayan haɗarin mota fa? Zina ba ta tabbata sai da shaidu huɗu ko iƙirari ko cikin da ya bayyana ga marar miji, takardar likita ba ta cikinsu. Wanda ya jefi mai ciwon da zina ya yi ƙazafi, haddinsa bulala 80. Ko da kuwa ta hanyar saɓo ya same shi, ƙofar tuba a buɗe take, rufa masa asiri ya fi kusa da shiryuwarsa.

In wani ya ce: Umar ya umurci wata kuturwa da ta bar ɗawafi ta zauna gidanta, kamar yadda ya zo cikin Muwaɗɗa, don me ba za a keɓe waɗannan ba? Sai mu ce: illar can ita ce cutar da jama'a ta wajen cuɗanya, wannan ciwo kuwa ba ya bin cuɗanya, in illa ta ɓace ƙiyasi ya rushe. Majalisar fiƙihu da ta zauna a Abu Dabi a 1995 ta ce keɓe su ba wajibi ba ne. Ƙasar Kuba ta tsare masu ciwon a gidajen jinya tun daga 1986, daga baya ta sake su suka koma cikin jama'a. Saboda haka mai ciwon ya yi limanci, ya yi karatu a tsangaya, ya ci abinci tare da 'yan'uwansa.

In wani ya ce: to an auna an ga babu, shi ke nan? Sai mu ce: a'a. Wanda ya kamu kwanan nan, awon yakan kasa ganin alamar har wajen wata 3, don haka likita yakan ce a sake. Kuma takardar ranar aure ba laya ba ce. Abin da ke tsare gida bayanta shi ne tsoron Allah. Mai ƙara aure ya sani haƙƙin uwargida yana wuyansa, jini ɗaya ne zai zagaya ɗakuna. Mai mayar da matarsa bayan ta yi wani aure, da mai auren wadda mijinta ya rasu, da mace mai ciki, duk su je awo. Wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane kai, ko ya dafa askarsa da kayan ƙahonsa.

In wani ya ce: ni liman ne, na riga na sani cewa ango yana da ciwon kuma ya ɓoye, yaya zan yi? Sai mu ce: ka kira shi kai da shi, ka yi masa wa'azi, ka ba shi lokaci ya faɗa da bakinsa, ka yi masa rakiya wurin likita in ya so. In ya ƙi, kada ka ɗaura, kuma ka gaya wa yarinyar ko waliyyinta cewa kada a yi sai su biyun sun zauna gaban likita tare. Iyakarka ke nan. Kada matarka ta ji, kada abokin hirarka ya ji. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

CIKAWA

Ya ku 'yan'uwa, mutane suna kallon bakinmu. In malami ya kira mai ciwon la'ananne a kan mumbari, mutum goma cikin masu sauraro sun fasa zuwa awo. In ya gaishe shi ya zaunar da shi kusa da buzunsa, goma sun sami ƙarfin zuciya. Ina roƙon kowane malami da ke nan ya fara da kansa da iyalinsa, ya je a auna shi, domin almajiri ba ya jin kunyar abin da ya ga malaminsa ya yi. Ina roƙon almajirai su karanta wannan takarda ga iyayensu mata a cikin gida, domin su ne abin ya fi shafa, su ne kuma ba su zuwa zaure.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya shiryi shugabanninmu ga adalci da tausayin talakawa, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare harsunanmu daga mutuncin Musulmi. Allah shi ne mafi sani, gare shi makoma take. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.